Ga ƙanenmu mai niyyar yin gudu da hawa keke don haƙa rijiya

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya: kana so ka shiga gudun fanfalaki na Landan a watan Afrilu, sannan ka hau keke daga Land's End, a ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, zuwa John o' Groats, can arewacin Scotland, domin ka tara kuɗin rijiyar burtsatse a ƙauyenku, kuma ba ka san ta ina za ka fara ba. Allah ya saka maka da alheri. Na yi tafiyar keken, gudun kuma na yi shi sau biyu, don haka ga abin da na gani da idona.

Ka fara da maganar kuɗi, domin a nan mutane suka fi tuntuɓe. Samun gurbi a gudun Landan ta hanyar ƙuri'a sai mai rabo. Hanya ta biyu ita ce wata ƙungiyar agaji ta ba ka gurbinta, amma za ka yi alkawarin tara mata kuɗi, galibi fam dubu biyu ko fiye, kuma kuɗin nata ne, ba na rijiyarka ba. To ka ga tun yanzu akwai abin da za ka warware. Shawarata, ka nemi ƙungiya mai rajista a Birtaniya wadda aikinta shi ne samar da ruwa, ka tabbatar tana aiki a yankinku, ka buɗe shafi da sunanta a JustGiving, dandalin tara gudummawa ta intanet. Ta haka ne kawai za ka ci moriyar Gift Aid, inda gwamnati ke ƙara fene 25 a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Kada ko kobo ya shiga aljihunka. Kuɗin masauki, abinci da gyaran keke ka ɗauke su da kanka, kuma ka faɗa wa jama'a haka a fili. Mutanenmu an sha cutar su da sunan taimako, in suka ga abu a sarari hannunsu na sakuwa.

Gudun dai kilomita 42 ne da ɗoriya. Ka ba kanka aƙalla wata huɗu na atisaye, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Wajen kilomita 30 ƙarfin da jiki ya adana yakan ƙare, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Maganinsa shi ne ka fara a hankali ka riƙa cin ɗan abu a hanya. Ni dabino nake zubawa a aljihu. Ka kuma duba inda azumi zai faɗo a cikin shirinka tun da wuri.

Keken shi ne babban aiki. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,400, kuma yawancin mutane sukan yi ta cikin kwana goma zuwa sha huɗu. Ka tashi daga kudu zuwa arewa, saboda iska ta fi kaɗawa daga kudu maso yamma, sai ta riƙa tura ka ta baya. Kowa tsoron duwatsun Scotland yake yi, alhali kwana biyun farko a yankunan Cornwall da Devon na kudu maso yammacin Ingila su ne masu fitar da hawaye. Hawa ne gajeru masu tsini, kana gama wannan wani na jiranka. A rana ta huɗu gwiwata ta dama ta kumbura, na zauna a bakin hanya cikin yayyafi ina kallon ta, zuciyata na cewa in koma gida. Wani dattijo mai keke ya tsaya, ya dubi sirdina, ya ce ya yi ƙasa da yawa. Ya ɗaga shi da ɗan abin da bai wuce faɗin yatsa ba. Da wannan, da hutun rabin yini, na ƙarasa. Saboda haka ka je a auna maka keken daidai jikinka kafin ka tashi, ka sayi wandon keke mai soso, kuma ka saba da hawa kwana uku a jere, don jiki ya san yadda ake tashi da gajiyar jiya.

Ka bar tazarar aƙalla wata biyu tsakanin gudun da keken. In ka zaɓi watan Yuni, a arewacin Scotland dare gajere ne ƙwarai, Isha'i da Asuba sun kusa haɗewa, sai ka tambayi malami kan ƙasaru da haɗa salloli, don barci ya ishe ka.

Kowace yamma ka sa hoto ɗaya da inda ka kai da abin da aka tara. Ranar da aka fasa ruwa kuma, ka aiko mana da bidiyon yara suna cika bokiti. Turo shafin in ka buɗe, zan sa nawa.