Tambayi Anti: Wane Mai Ne Ya Dace Da Gashina A Zafin Legas?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka shigo min a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, maganar man gashi ce, wannan ta ce kaɗanya waccan ta ce kwakwa. Na zaɓo huɗu da nake ganin amsarsu zata wadatar da sauran, wadda bata ga nata ba ta yi haƙuri ta duba a ciki, insha Allahu zata tsinci kanta.

Tambaya ta farko:

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min wlh abun ya isheni. Wata takwas kenan da aka kawoni Agege daga Kano, a gida man kaɗanya kawai nake shafawa kullum kuma gashina lafiya lau, amma tunda nazo garin nan kaina ƙaiƙayi kamar in cire fatar, in na cire hijabi da yamma har wani tsami nake ji, gashin yayi danƙo kuma duk da haka in na tsefe sai ya cika matajin. Na sayi wani haɗi a Instagram mai kala shida a ciki, zaitun da habbatus sauda da zurma da sauransu, ba sauƙi sai ma ƙari. Wanne zan siyo kuma? Daga amarya a Agege.

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya bada zaman lafiya ya kawo ƙazantar ɗaki. Kafin komai ki riƙe kuɗinki, kar ki siyo komai tukuna, man da ke kanki ma yayi yawa.

Abinda mata da yawa basu sani ba shine mai baya shayar da gashi, ruwa ne ke shayar dashi. Aikin mai ya toshe hanya kar ruwan ya gudu da wuri, sannan ya sa silin gashi yayi santsi kada su riƙa cin junansu wajen taza. Toh a Kano kin san yanda iskar hunturu take, leɓe ya tsage, ƙafa tayi kaushi, kika shanya wanki kafin ki gama dahuwa ya bushe, a irin wannan iskar mai mai nauyi kamar kaɗanya shine daidai. Nan kuwa bakin teku muke, iskar kanta jiƙe take, a Yuni da Yuli zani sai ya kwana biyu a igiya yana sanyi-sanyi. Ki ɗora hijabi akan ɗankwali, ki shiga danfo gosulo ya riƙeku daga Agege zuwa Oshodi, zufa na tsatsafowa ta ƙarƙashin kitso ta haɗu da man jiya da na shekaranjiya da ƙurar hanya, ai dole kai yayi tsami.

Ƙaiƙayin nan kuma in kina ganin farin gari ko ɓawo-ɓawo a farce in kin sosa, amosani ne. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis da ake kira Malasiziya, tana kan fatar kowa, abincinta maiƙo. Har masu aikin ɗakin gwaji in suna son su rene ta man zaitun suke zuba mata. Kinga kenan duk sanda kika tsaga kitso kika ɗura wannan haɗin a fatar kai, tuwo kike kai mata har ɗaki. Wannan maganar nasan tana yiwa wasu nauyi dan mun taso ana cewa amosani bushewar kai ce a ƙara mai, amma ki gwada sati uku ba mai a fatar ki gani da idonki. Ki shiga kemis ki nemi shamfu mai ketokonazol, ki shafa a fatar ki barshi minti 5 kafin ki ɗauraye, sau biyu a sati har wata guda. In bai lafa ba, ko kika ga fatar tayi ja tana ruwa, ki nemi likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja.

Yanzu ga abinda zaki yi da gashin kansa. Mai biyu sun isheki. Na farko man kwakwa, kuma kafin wanki zaki sa shi. Kusan rabinsa wani sinadari ne mai suna lorik asid, siriri ne yana iya kutsawa cikin silin gashi, wanda yawancin mayuka a waje suke tsayawa. A 2003 wasu masu bincike a Indiya sun gwada shi da man sanfulawa da man farafin, na kwakwa ne kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi wajen wanki. Ki tsefe, ki raba kan gida huɗu, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa jela, ki barshi rabin awa ko awa ɗaya sai ki wanke. Wasu gashinsu baya shiri dashi, sai yayi tauri kamar tsintsiya, in naki haka ne ki koma man riɗi, ba dole.

Na biyu kaɗanyarki ta gida, kar ki rabu da ita, yawan ne zaki rage. Ina tuna kakata Allah ya jiƙanta, a ɗan ƙoƙo take ajiye nata ta rufe da faifai, in zata mana kitso da bakin farce take lakato shi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta murza a tafin hannu har ya narke ya zama ruwa, sai ta tsoma yatsu a kwanon ruwa ta yayyafa a gashin tukuna ta bi da man. Ruwa a gaba mai a baya, haka zaki yi, a jelar gashi kawai, sau biyu a sati ya isa a garin nan. Kuma dan Allah amarya, in kinyi wanka kin jiƙa kai kar ki ɗaure shi da danshi, ki zauna gaban fanka ko ki bar shi a buɗe a ɗakinki ya sha iska, rabin tsamin nan daga nan yake. Haɗin kala shidan ki mayar dashi na ƙafa.

Tambaya ta biyu:

Anti barka da aiki, wata huɗu da haihuwata gashina zuba yake kamar me, gaban goshina ya cinye tas har kunya nake ji in cire ɗankwali gaban maigida. Ance man zurma baƙi na Jamaika yana tsirar da gashi, wata kuma ta ce rozmeri. Wanne yafi? Daga maijego a Idi-Araba.

Sannu ƙanwata, Allah ya raya mana. Ki kwantar da hankalinki, abu biyu ne suka haɗe miki kuma ɗaya da kansa zai wuce. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi yasa mai ciki kanta ke cika, bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk ya sauka lokaci guda. Yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo daidai, ko kin shafa mai ko baki shafa ba. In zubar ta wuce haka ko kina jin jiri da kasala ki je a auna jininki, ƙarancin jini yana zubar da gashi, kuma ki dage da hanta da wake da zogale da alayyahu.

Goshin ne nake so ki duba da kyau. Wane irin kitso aka miki na suna? Dan nasan halinmu, ranar suna sai an zauna an yarfa ƙananan kalaba ko shuku an ja har gira ta ɗaga, maijego ta kwana tana shan fanadol, ana cewa kyau sai da wahala. Duk kitson da ya sa ki ciwon kai ko ya fito miki da ƙuraje a gindin gashi, cire gashin yake daga saiwa. In aka daina da wuri yana dawowa, in aka shekara da shekaru ana yi wajen ya mutu yayi sumul, wlh babu man da zai tada shi, wannan nake jiye miki. Ki ce wa makitsiyarki ta bar miki ƙananan gashin gaba kar ta kama su, manyan kitso sakwa-sakwa, kuma ki sassauta ɗaurin ɗankwali ki riƙa canja inda yake zama.

Man zurma yana da kyau wajen sa gashi sheƙi da rage karyewa saboda kaurinsa, amma babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna yana tsirar da sabo. Baƙin na Jamaika zurmar ce dai, soya ƙwayar ake yi kafin a tatsa shi yasa yayi baƙi. In zaki sa ki sirka cokali ɗaya da cokali uku na riɗi ko kwakwa, in ba haka ba a zafin nan manne miki gashi zai yi. Ƙwayar zurma kuma guba ce, kar a ce za a haɗa a gida a bar ta inda yara suke. Rozmeri an gwada shi a Iran a 2015 akan mutum 100 masu sanƙon gado, bayan wata shida sakamakonsa ya zo kusa da na maganin sanƙo da ake kira minozidil mai kashi 2, amma matsalarsu daban taki daban. Mai ƙarfi ne sosai, ɗigo ɗaya zuwa biyu ake sawa a ƙaramin cokali na wani man, zallarsa ƙona fata yake. Ke da kike shayarwa jariri na manne a jikinki ki barshi tukuna. Sai haƙuri, gashi kusan santimita 1 yake yi a wata, kar wata mai talla ta ce miki sati biyu.

Tambaya ta uku:

Anti ya zan gane na gaske? Na sayi man kwakwa yana ta ƙamshi amma kamar kananzir a hannu. Daga uwargida a Mile 12.

Hajiya ki zuba kaɗan a kofin gilashi ki sa a firij awa ɗaya. Na gaske in sanyi ya kai ƙasa da digiri 24 daskarewa yake gaba ɗaya yayi fari, in kika ga ƙasa ya kama sama na yawo an sirka shi. Ƙamshin da ya cika ƙarfi ma abin tuhuma ne, turare aka ɗiga. Nima na taɓa faɗawa, wata ta siyar min a kwalba mai kyau da lakabi, ya kwana a firij yana ruwa abinsa. Mu da Badagry ke kusa damu, garin kwakwa, babu dalilin da zamu sha wannan wahalar, ki nemi mai yi da hannunta ko ki goge kwakwa ki tace madarar ki dafa a wuta kaɗan-kaɗan har man ya taso.

Kaɗanya kuwa ki ce ori in a wajen Yarbawa zaki siya, daga Neja da Kwara da Kebbi da yankin Saki a Oyo ake kawo ta. Ki lakata ki murza, ta gaske nan take take narkewa ba tsakuwa ba gari, launinta fari mai ɗan rawaya-rawaya, da ɗan warin hayaƙi irin na ƙauye, wannan warin alheri ne. Wadda ke warin tsohon mai mai ɗaci ta lalace. Ki siyi kaɗan-kaɗan ki ajiye nesa da taga dan zafin Legas baya barin mai ya daɗe. Na kwalba kuma ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In aljihu yayi nauyi man jojoba mara nauyi ne yana dacewa da garin nan, man argan na Maroko ma haka, amma alayyadin da iyayenmu ke shafawa ɗan uwan man kwakwa ne a sinadari, ga arha, warin ƙaurinsa ne kawai sai kin jure.

Tambaya ta huɗu:

Anti ni namiji ne, yarona ɗan shekara shida gashinsa ya cinye wuri-wuri da farin gari, uwarsa na shafa masa man darbejiya wata biyu kenan yana ƙara faɗi. Daga wani uba a Alaba Rago.

Malam wannan alamar makero ce, dan Allah ku daina jira. Ƙwayar cutar a cikin saiwar gashi take zama inda abin shafawa baya kaiwa, darbejiya ko wani mai ba zai kashe ta ba, maganin sha likita ke rubutawa kamar girisiyofulbin, ana shan sa sati shida zuwa takwas ba fashi ko da an ga kan ya washe. In aka bari ya kumbura yayi ruwa yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Ku kai shi asibiti wannan satin, a duba kan 'yan uwansa da suke kwana tare, a wanke hularsa da rigar filo da ruwan zafi, a ware masa matajinsa, in da hali ka siya masa kilifarsa shi kaɗai ka riƙa tafiya da ita wajen mai aski.