Amsa: A fara aikin bututu kafin gwajin ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ku shimfiɗa titi da bututu a filin tsohuwar masana'anta kafin gwajin ƙasa ya fito. Don Allah ku dakata. Sakamakon gwajin ne zai nuna inda komai zai bi. Inda guba ta fi yawa a rufe da kwalta, ya zama wurin ajiye motoci.

Bututun roba ne ya fi damuna, domin fetur da ya jiƙa ƙasa yana ratsa shi ya shiga ruwan sha. Ku sa na ƙarfe, ku cike ramin da ƙasa mai tsabta. Kada kuma ku haƙa ramin tsotse ruwan sama, zai wanke gubar ya kai ta ruwan rijiyoyi.