So, Ƙauna da Bege a Waƙar Ango

Wani ɗan'uwa daga Kafanchan ya rubuto cewa ya tsara wa amaryarsa waƙa da zai karanta ranar ɗaurin aurensu a coci. Gwaggonsa ta duba ta ce ya cire "so" ya sa "ƙauna", wai so na 'yan dandali ne. Ta kuma ce baitin da ya ce "ina begenki" bai dace ba, tunda bege na Ubangiji ne. Yana tambaya: Malam, gwaggo ta yi daidai?

Ɗan'uwa, gwaggonka tana da kunnen Hausa, ka gaishe ta. Amma ban bi ta duka ba.

So ita ce kalma mai faɗi. Kana son tuwo, kana son barci, kana son yarinya. Shi ya sa karin magana ya fi kama ta: "so hana ganin laifi", "son maso wani ƙoshin wahala". Ƙauna kuwa ta fi nauyi, tana ɗauke da tausayi da riƙon amana, irin ta uwa da ɗanta. Masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fara fitowa cikakke da Hausa a 1932 da jagorancin Dakta Walter Miller na Wusasa, ita suka ɗauka wajen zancen Allah da bayinsa, har ta zauna a bakin masu bi: mai wa'azi kan buɗe da "ƙaunatattu". Wannan bai mai da so ƙazanta ba. Dubi "soyayya". Ɗafin nan na -ayya yana nuna abu tsakanin mutum biyu, kamar jayayya, tarayya, auratayya. Ranar aure kuwa ai ranar mutum biyu ce.

Inda na fi so mu tsaya shi ne bege. A Hausar gida, bege shi ne kewar wanda ba ya kusa, irin wadda ke sa mace ta tsaya da muciya a hannu idan ta ji an ambaci sunan mijinta da ya tafi cin rani. Daga nan Musulmi suka sami waƙoƙin begen Annabi. A coci kuwa kalmar ta ɗauki ma'anar jiran alkawarin Allah da tabbaci. A Littafi Mai Tsarki, cikin 1 Korantiyawa sura 13, tana tsakanin bangaskiya da ƙauna, ko da yake wata fassarar da ta biyo baya ta ce "sa zuciya". To kai da ka shekara kana jiran ranar nan, kana kewarta kuma kana da tabbacin alkawari, wace kalma ce za ta ɗauke maka duka biyun in ba bege ba? Ni kam ina roƙonka kada ka taɓa baitin nan.

Idan gwaggo ta ƙi, ku buɗe littafin Waƙar Waƙoƙi da ke cikin Littafi Mai Tsarki tare. Surori 8 ne, kuma cike suke da saurayi da budurwa suna yabon idon juna da gashin juna, budurwar har tana tashi da dare tana neman masoyinta a titunan birni. Ka sa "ƙauna" a baitin alkawari, wurin da kake cewa har mutuwa. Sauran baitocin ka bar musu "so" ɗinsu.