Amsa: Me ya hana jirgin Mitsubishi SpaceJet shiga kasuwa?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙaramin jirgin fasinjan nan na Japan bai kai ga ɗaukar mutane ba, alhali an ga ya tashi. Ai tashi ba shi ne wuyar ba, takardar shaidar inganci ce ta gagara.

A 2008 aka ƙaddamar da aikin, da niyyar miƙa jirgin farko a 2013, amma sai Nuwamban 2015 ya fara tashi. A 2017 aka sanar cewa yadda aka jera wayoyin lantarki da na'urorin sarrafa jirgin bai cika ƙa'ida ba: in wuta ta kama ko ruwa ya shiga wuri guda, suna iya mutuwa tare. Dole aka raba su, aka sake zana hanyar wayoyin, gwaji ya koma baya.

Ga kuma Amurka, babbar kasuwarsa. Yarjejeniyar matuƙan jirage da kamfanonin jiragen sama ta ƙayyade wa irin waɗannan ƙananan jirage kujeru 76 da nauyin kusan tan 39, samfurin jirgin mai suna M90 kuwa ya zarce. Sau shida ana ɗage ranar miƙawa, a Fabrairun 2023 aka rufe aikin.

Mu masu zirga-zirgar Kaduna zuwa Legas, ƙananan jirage ƙirar Embraer da CRJ dai ake ta sayowa Najeriya.