Gem ɗina ya zo guntu huɗu, ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokina ya turo min gem ɗin Nintendo DS ta Xender, sai na ga fayil huɗu, daga part1.rar zuwa part4.rar. Na sa melonDS, manhajar buga gem ɗin DS, a wayata amma ba ta ganin ko ɗaya. Wanne ne gem ɗin?
Mai karatu, Gwammaja, Kano

Amsa: Wa alaikumussalam, Malam. Babu wanda yake gem a cikinsu. Gem ɗin fayil guda ne, kwafin abin da ke cikin kaset, shi ake kira ROM, kuma na DS da .nds yake ƙarewa. Matse shi aka yi aka yanka gida huɗu don ya yi sauƙin turawa.

Tara su duka a folda ɗaya. Sa ZArchiver ko RAR a waya, ko 7-Zip a kwamfuta, ka taɓa part1 kaɗai ka ce a warware; manhajar za ta bi sauran da kanta. Idan irin .7z.001 ne, daga 001 ake farawa.

Inda aka fi samun matsala shi ne suna. Fayil ɗin da ya shigo sau biyu, waya kan liƙa masa lamba a ƙarshen suna, daga nan manhajar ba za ta gane cewa ɗan gidan ne ba. Gyara sunayen su zama iri ɗaya, lambar guntu kawai ta bambanta. Sannan duba nauyi: ukun farko dole su zo daidai, na ƙarshe ne kawai yake iya yin ƙasa da su. Wanda ya yi ƙasa a tsakiya, turawarsa ce ta katse, shi ke jawo kuskuren CRC, wato saƙon da manhajar ke nunawa cewa fayil ya lalace. Shi kaɗai za a sake turo maka.

Ka bar wuri isasshe, domin kafin ka goge guntayen, su da gem ɗin za su zauna tare. Kaset ɗin DS bai wuce 512MB ba, amma gem ɗin Nintendo Switch kan haura 4GB, kuma memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai haka, sai exFAT.

In komai daidai ne amma kullum fayil na lalacewa, zargi memorin. Na jabu kan nuna 64GB alhali cikinsa kaɗan ne. Idan za ka sayi wani a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, a gwada shi a gabanka. Muna kuma tunatarwa: gem ɗin nan haƙƙin masu shi ne, abin da ya fi tsafta shi ne kwafin kaset ɗin da ka mallaka.