Kan shirin jiya da ya raba kan mata

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa mata suka yi caa a kan shirin jiya, inda mijin ya sa uwargida ta durƙusa ta ba shi haƙuri a gaban amarya. Mu nan Agege a shagon ɗinki muka kalla, janareta na ta ƙugi. Durƙuson bai dame mu ba, ai da shi muka tashi. Ƙwace mata waya da ya yi, ya kulle ƙofa ya zura makulli a aljihu, shi ya tayar da ƙura. Wata dattijuwa daga Idi-Araba ta ce biyayyar aure ce, 'yan matan shagon suka ce wallahi bauta ce. Ni kam shirun amaryar ya fi ba ni haushi.