Robar nono ta fashe: wa zai biya kuɗin cirewa?

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. A 2009 mijina na lokacin ya kai ni Tunis aka saka mini robar ƙara nono. Shi ya matsa, shi ya biya. Yanzu mun rabu. Na hagun ya yi tauri yana mini zogi, eko, hoton cikin jiki da aka ɗauka mini a asibiti, kuma ya nuna robar ta fashe. Na kira asibitin, sun ce in koma da kuɗin aiki da na jirgi. Wa ya kamata ya biya, su ko shi ko gwamnati? Ko mahaifiyata ba ta san da maganar ba.
Wata 'yarki daga Zango, Damagaram

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Kafin mu zo kan kuɗi, buɗe akwatinki ki lalubo takardun aikin nan. A cikinsu ya kamata a sami ɗan kati mai sunan kamfanin da ya yi robar da lambarta. In babu, ki rubuta wa asibitin su turo miki, haƙƙinki ne.

Abin da ya sa na fara da katin shi ne shekarar da kika ambata. A 2009 robar wani kamfanin Faransa mai suna PIP tana kasuwa. Sai a watan Maris na 2010 hukuma ta janye ta, bayan an gano cewa silikon ɗin masana'antu ake ɗurawa a ciki maimakon wanda aka yarda a saka a jikin mutum, ga ta da saurin fashewa. Mata dubban ɗaruruwa a duniya abin ya shafa. Mai kamfanin, Jean-Claude Mas, an yanke masa ɗaurin shekara 4 a 2013, amma kamfanin ya riga ya karye, babu abin karɓa. Sai matan suka juya kan TÜV Rheinland, kamfanin Jamus da ya ba robar shaidar inganci, kuma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta same shi da sakaci. Ki lura: shekara 11 ke nan daga janye robar zuwa wannan hukuncin.

Gwamnatocin can ba su jira kotu ba. A ƙarshen 2011 Faransa ta ce inshorar lafiya ta ƙasa za ta biya cirewa, amma ba ta biyan sabuwa sai ga wadda aka saka wa bayan aikin kansar nono. Ingila ma ta cire wa waɗanda asibitocin kuɗi suka juya wa baya, ba tare da ta maye musu ba. Ni wannan rabon ya kwanta mini. Cire abin da ke cutar da jiki magani ne, ko da kwalliya ce ta kai shi can. Masu cewa "ai ita ta jawo wa kanta" ban taɓa jin sun faɗa wa ɗan kabu-kabun da ya karye saboda gudu haka ba.

Sai dai mu nan Nijar, kyautar magani da muka saba da ita ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da aikin ciro jariri, ba irin naki ba. Kada ki ɗora rai a kan gwamnati. In katin ya nuna PIP, ki nemi lauya ya duba ko har yanzu kina da hanyar diyya. In wani kamfani ne, ki tambayi garantinsu. Wasu suna ba da sabuwar roba in ta fashe, amma taimakon kuɗin aiki yawanci shekara 10 yake ƙarewa, kin wuce nan. Robar nan dama ba ta har abada ba ce, kuma ya kamata asibitin ya faɗa miki tun ran farko.

Tsohon mijinki kuwa, ciyarwa ta ƙare da idda, amma tunda shi ya matsa, akwai nauyi a wuyansa. Kada ki je da kanki. Ki sami kawu ko yaya mai riƙe sirri ya same shi.

Ba lallai ki koma Tunis ba. Ki ɗauki sakamakon ekon ki ga likitan fiɗa a babban asibitin Zinder, ya faɗa miki ko a nan za a yi ko Yamai. Ki ce a lissafa miki kuɗin cirewa kaɗai, kuma a adana robar da aka ciro tare da rasit, shaidarki ce. Ki faɗa wa Inna tun yanzu, don ita za ta zauna jinyarki.